Ɗigon Jan Farce a Kan Filogi

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Na rasa wanda zan faɗa wa. Duk wanda na sani, in bai san yayana ba to ya san shugaban wurin aikinmu, maganar kuwa su biyun ta shafa.

Ni malama ce a wata cibiyar koyon sana'a. Haɗa kayan lantarki da gyaransu nake koya wa sababbin shiga, waɗanda ba su taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba. Akwai waɗanda suka gama sakandare suna zaman gida, akwai matan aure, har da wani dattijo tsohon direba da ya ce so yake ya san abin da ke cikin rediyonsa kafin ya bar duniya. Ajinmu dogon ɗaki ne mai daɓen siminti, teburansa katako ne da ƙafafun ƙarfe, sai tsofaffin kwamfutoci da wani ofis ya yi mana kyautarsu da suka sayi sababbi.

Wahalar koyar da lantarki ita ce ba a ganinsa da ido. Sai in cika allo da zane ina cewa wuta tana hawa tana sauka, su kuma suna gyaɗa kai don kada in ji kunya. Abin da nake nema ruwa a jallo shi ne wata 'yar na'ura da ake sawa tsakanin kwamfuta da abin da ɗalibi ya haɗa, ta zana masa wutar a fuskar kwamfuta ya gani da idonsa. A aji akwatin haɗi muke ce mata. Na zaga kasuwa, na duba intanet har idona ya yi ja. Masu kyau, kuɗin guda ɗaya ya fi abin da ake ware wa ajina a zango. Masu araha kuma, na sayi ɗaya da kuɗin aljihuna, bai yi mako ba ya mutu. Da na kai wa shugaba kukana, sai ya ce in ci gaba da alli tunda alli bai taɓa lalacewa ba.

To ga inda Yaya ya shigo. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, Yaya ne ya bar makaranta ya buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin, ya zame mana uwa ya zame mana uba. A shagon nan na tashi. Shi ya fara ɗora hannuna a kan dalma, shi ya biya mini makaranta har na zama abin da na zama. Yanzu mutane sun daina gyara, abu ya lalace sai a jefar a sayi wani. Shagon ya mutu, ya kwaso tarkacensa ya jibge a wani ɗaki a gida, ɗinkin matarsa ne yake riƙe da gidan. Mutumin da a da ba ka raba shi da barkwanci ya koma zaman ɗaki, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Wata rana na je gaishe su, ina ta mita a kan akwatin haɗin nan, ba da wata manufa ba. Yaya ya saurara, ya yi mini 'yan tambayoyi. Bayan 'yan makonni sai ga shi a cibiyarmu da wani abu a cikin robar ajiye sabulu. Gefe ɗaya kebul ne da ke shiga kwamfuta, ɗaya gefen wayoyi biyu masu baki da ɗalibi zai maƙala a aikinsa, sannan ga filogi mai ƙafa biyu da ake sokawa a bango, don a ga ita kanta wutar soket tana rawa a fuskar kwamfuta. Anti, abin ya yi aiki. Ranar da 'yan ajina suka ga layin nan kore yana hawa yana sauka, tsohon direban nan hularsa ya cire. Shugaba ya zo ya gani, baki har kunne, ya ce a haɗa wa kowane tebur. Duka-duka abin da aka kashe bai kai kuɗin guda ɗaya na kanti ba.

Yaya ya dawo mutum. Ya yi aski, ya ɗinka riga, ya koma tsokanar yara. Matarsa ta riƙe hannuna a bakin ƙofa tana hawaye, ta ce Allah ne kaɗai zai biya ni.

Amma akwai doka guda da ya kafa. A kowane filogi ya ɗiga jan farcen matarsa a gefe ɗaya, ya ce kullum jan ya kalli sama in za a soka. Bari in yi miki bayani yadda nake yi wa ɗalibai. Soket rami biyu gare shi, ɗaya mai wuta, ɗaya marar wuta. Don ya rage tsada, Yaya bai sa taransifomar da ke raba wutar bango da sauran kayan ba. Ƙafa ɗaya ta filogin a haɗe take kai tsaye da kebul ɗin, kebul ɗin kuma a haɗe yake da ƙarfen jikin kwamfuta. In jan yana sama, ƙafar nan ramin da ba wuta take shiga, lafiya lau. In aka juya, jikin kwamfutar gaba ɗaya ya ɗauki wutar bango. Soket ɗin ajinmu kuma ba su da wayar ƙasa da za ta kwashe wutar, tun ginin farko ba a sa ba.

Na ga haka tun ranar farko, amma na kalli fuskar Yaya na haɗiye maganar. Na ce ai zan sa ido. Na mayar da dokar kamar karatu, kafin kowa ya taɓa filogi sai ajin ya amsa mini cewa ja a sama.

Da farko ƙananan abubuwa ne. Wani ya ce in ya goga bayan hannunsa a jikin kwamfuta yana jin kamar kiyashi na tafiya. Suka mayar da shi wasa, wai kwamfuta ce ke gaisuwa, wanda ba ta gaishe shi ba ranar bai yi wanka ba. Ni ma har dariya na yi. Sai kwamfuta ɗaya ta mutu da ƙauri, muka ce tsufa ne.

Makon da ya wuce aka ɗauke wuta muna tsakiyar darasi, aka tayar da janareta. Da safen an goge ɗakin, simintin bai gama bushewa ba. Akwai wata ɗaliba da 'yan aji ke kira Shiru-shiru, matar aure ce mai goyo, takan bar jaririn wurin mahaifiyarta ta zo. Takalminta ya matse ta, ta zare shi a ƙarƙashin tebur. Ta miƙa hannu bayan kwamfuta za ta gyara kebul. Ban ji ihu ba, Anti. Ƙarar kujera kawai na ji, na waiwaya na gan ta a ƙasa, hannunta a ƙanƙame a ƙirji, idanunta a buɗe tana kallon rufi. Da ta dawo hayyacinta, abin da ta fara yi shi ne ba ni haƙuri. Ta ɗauka ta lalata kayan makaranta, tana roƙona kada a kore ta. A ɗan yatsanta akwai wani farin tabo kamar ƙwayar shinkafa.

Na duba filoginta. Jan yana sama. Ba ta yi kuskuren komai ba. Da na sa mitar awon wuta na auna bayan an tashi, sai na tarar in janareta ke aiki ramukan biyu duka suna da wuta. Ashe duk ranar da aka ɗauke wuta, dokar nan tamu ba ta tsare kowa.

Na je wurin Yaya da maganar, na bi ta lallami, na ce ko za a ƙara 'yar taransifoma. Ya haɗe rai. Ya ce tun ban iya tafiya ba yake wasa da wuta, wutar da ta ja shi a rayuwa ba ta ƙirguwa, ga shi nan daram. Ya ce laifin yarinyar ne da ta cire takalmi, laifin mai haɗa janareta ne, mu 'yan makaranta tsoro ya yi mana yawa. Har ya kama jikin kwamfutarsa da tafin hannunsa mai kanta don in gani. Daga ƙarshe ya tambaye ni ko kunyar aikinsa nake ji. Da jin wannan tambayar na taso na koma gida.

Na yanke a raina cewa ranar janareta ba za a taɓa akwatunan ba, na ɗan samu natsuwa. To jiya na shiga aji na ga jan da ke kan filogan ya yi sabo fil, yana sheƙi. Na tambaya. Wata ɗaliba mai son taimako ta ɗaga hannu tana murmushi, ta ce ta ga tsohon ya goge a wasu, shi ne ta zo da nata jan farcen daga gida ta sabunta duka. Na ce waɗanda ya goge gaba ɗaya fa, ta yaya ta gane gefen? Ta ce ta dai tuna. Na yi mata godiya. Na ce yau karatun allo za mu yi.

Ga shi shugaba ya sa ranar baje koli nan ba da jimawa ba. Iyaye da mazaje da ƙananan yara za su cika ajin, kowa ya taɓa ya gani. Ya gayyato shugabannin wasu cibiyoyi da ke son Yaya ya haɗa musu irinsa, Yaya har ya fara tara robobin sabulu a ɗakinsa. In na tona maganar, na kashe masa abin da ya tashe shi daga kwance, a bainar jama'a, ni da ya raine ni da hannunsa. Wataƙila in rasa aikina, don da sanina aka kawo kayan. Ɗalibaina kuma su koma kallon alli. In na yi shiru, ban san wanda wutar za ta kama ba. Yanzu ko ƙarar kujera na ji sai in waiwaya in ga ko wani ne ya faɗi.

Anti, akwai hanyar da zan bi in tsare ɗalibaina ba tare da na karya Yaya ba? Ko in sake auna filogan in gyara jan, in lallaba har a wuce baje kolin?

Taki,
Malama mai alli a hannu

*

Malama,

Wasiƙu da yawa na tsallake na sa taki a gaba. Ba ki sa lambar waya ba, ba ki faɗi ranar baje kolin ba, don haka ban san ko amsar nan za ta riske ki a kan lokaci ba. Wannan ya hana ni sukuni tun da na karanta.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa. A'a. Kada ki gyara jan, kada ki lallaba. Gobe ki riga kowa shiga ajin, ki zare akwatunan nan duka, ki sa filaya ki datse filogin kowanne, ki kulle su inda ke kaɗai ke da mabuɗi. Na ce ki datse ne don na ga ajinki cike yake da masu son taimako, wani zai iya ɗauko su ya jona miki don ya faranta miki rai.

Ni ba ma'aikaciyar lantarki ba ce, ko ƙwan fitila ya mutu jikana nake jira. Shi ya sa na karanta wa wani maƙwabcina wasiƙarki, tsohon ma'aikacin wuta ne da ya yi ritaya. Tun ina tsakiya ya daina murmushi. Ya ce abin da kika auna gaskiya ne, kuma ba janareta kaɗai ba: wayar jona soket da aka haɗa a juye, ko mai gyaran da ya taɓa layin ginin, kowanne zai iya mayar da ramin da ba wuta ya zama mai wuta ba tare da kowa ya sani ba. Ya ce wutar da ta yar da matar nan ita ce dai wadda ke tsayar da zuciya, sa'a kawai ta yi hannunta ya saki. Ke ma kin san wannan, ke ce malamar. Ina jin ba ilimi kika zo nema wurina ba, so kike wani ya ce miki kin isa ki saɓa wa yayanki. To na ce kin isa.

Ban ɗauki Yaya mugu ba, kada ke ma ki bari wani ya ɗauke shi haka. Mutumin da ya ji ƙanwarsa na mita ya tashi ya ƙera mata abin da kanti ya gagare ta, mai basira ne kuma mai ƙauna. Kuskurensa irin na tsofaffin masu sana'a ne: ya ƙera abu daidai hannunsa. Shi ya san inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa, fatarsa ta yi kauri, tsautsayi ya daɗe yana tsallake shi har ya ɗauka gwaninta ce. Ɗalibanki kuwa sababbi ne, aikinsu ke nan su yi kuskure. Kayan da za a ba ɗan koyo dole ya zama wanda ko an juya shi, ko an jona shi ba daidai ba, iyakaci ya ƙi aiki.

Kafin komai, ki nemi Shiru-shiru. A kai ta asibiti a duba zuciyarta da hannun, ko da ta ce ta warke, irin su ba sa faɗin ciwo. Ki gaya mata a fili cewa ba laifinta ba ne, kayan ne ke da matsala. Baiwar Allah tana can tana jin ta yi ɓarna, wannan nauyin ki sauke mata shi.

Sannan shugaba. Ki same shi ke da mitarki, ki nuna masa da idonsa, ki faɗa masa an riga an sami wadda ta faɗi. Zai yi faɗa, wataƙila ya ɗora miki laifi, wani ɓangaren kuma ki karɓa don kin gani kin yi shiru. Amma mai gudun kashe kuɗi ya fi kowa gudun abin da zai rufe masa cibiya, zai saurare ki. Ki nemi a kawo ƙwararren mai aikin wuta ya sa wa ajin wayar ƙasa, da na'urar nan da ke yanke wuta nan take in ta bi ta jikin mutum, ya kuma duba haɗin janaretan. Baje koli a ɗaga shi, ko a yi shi da batir.

Ba kuma sai kin koma alli ba. Maƙwabcin nawa ya ce ɗan koyo ba shi da abin yi da wutar bango ko kaɗan. Duk abin da kike son su gani, za su gan shi da ƙaramar wuta ta batir. Akwai ƙananan akwatunan haɗi masu sauƙin kuɗi da ke cin wutarsu daga kwamfuta kawai, ki tambayi malamai 'yan'uwanki wanda suka gwada ya daɗe, kada ki sake saye ido rufe. Ba dole kowane tebur ya samu ba, ɗalibai uku ko huɗu su taru a kan ɗaya, sun ma fi koyo in suna gardama. In kuma lallai sai sun ga rawar wutar soket, a bi da ita ta ƙaramar taransifoma ta sauko ta zama marar haɗari, a rufe ta ruf, ke kaɗai ki riƙa jonawa. Ya ce irin taransifomar nan tana cikin kusan kowace tsohuwar rediyo. Wa kika sani da ɗaki cike da matattun rediyoyi?

Da wannan za ki koma wurin Yaya. Ki same shi shi kaɗai, ba gaban matarsa ba, ba gaban yara ba. Kada ki je da lallami irin na wancan karon, lallamin ne ya ba shi ƙofar musu. Ki ce masa kin riga kin cire kayan, shugaba ya sani, ba za su koma aji a haka ba, kuma kina son shi ya sake haɗa su da taransifoma, wani ƙwararre ya duba kafin ɗalibi ya taɓa. In ya sake tambayarki ko kunyar aikinsa kike ji, ki ce masa tsoro kike ji, ki ba shi labarin yadda kika ga matar nan a ƙasa da kuma jaririn da ke jiranta a gida. Zai iya karɓa, sana'arsa ta tsaya da ƙafarta a kan abin da ba zai cuci kowa ba. Zai iya yin fushi ya daina amsa gaisuwarki. Ba zan yi miki alkawarin wanne zai zaɓa ba.

Kina tsoron kada ki karya shi. Ki zauna ki yi tunanin ranar da za a zo a ce masa abin da ya haɗa da hannunsa ya kashe 'yar wani, ko yaron da aka kawo kallo. Mutumin da rufe shago ya kwantar, wannan labarin ba zai tashi daga shi ba, kuma ba a aji ɗaya zai tsaya ba in wasu cibiyoyin suka karɓa. Fushinsa kuwa kin san hanyar gidan, ki yi ta zuwa kina gaishe shi har ya huce, ko shekara zai ɗauka. Na daɗe ina amsa wasiƙun mutane, na koya wa da yawa yadda ake ba ɗan'uwa haƙuri. Abin da ake faɗa wa uwar da ta aiko 'yarta koyon sana'a aka mayar mata da gawa, wannan ban san shi ba, kuma ba na so ki zo nemansa wurina.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya gobe da safe, Ya sanyaya ran Yaya, Ya sa duk wanda ya shiga ajin nan ya koma gida da ƙafarsa.

Antinki